Garanti a Wuyan Injin Markaɗe

Haladu mai burodi, wanda yake kai wa masu shayin ƙauyukan bayan Funtuwa kaya, shekara tara ya yi yana wannan aiki a kan keke. Shekara tara fa, jama'a! Rannan mai gidan burodin ya kira shi gefe ya ce masu shayi sun dame shi da ƙorafi, wai burodi ba ya isowa sai ruwan zafi ya huce, masu karyawa sun watse. Ko dai ya nemi babur, ko a ba wani mutum layin nasa. Haladu bai yi gardama ba. Ya sayar da keken, ya sayar da ɗan maraƙin da yake kiwo a bayan ɗaki, ya shiga neman babur na hannu.

Dillali ya kai shi gidan wani dattijo, Baba Barau, wanda 'ya'yansa suka taru suka hana shi hawan babur. To shi Baba Barau sai an yi muku bayaninsa. Tsohon masinja ne, shekara talatin da biyar yana ɗaukar takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Bai iya karanta ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ya ga aikin takarda da idonsa. Ya ga takarda mai hatimi ta tashi babban mutum daga kujera. Ya ga ta kai rijiyar burtsatse ƙauyen da ko hanya babu. Ya ga ta fito da mutum daga hannun 'yan sanda ana ba shi haƙuri. Don haka a duniyar nan, in ka cire iyayensa, babu abin da Baba Barau yake girmamawa kamar takardar da aka buga wa hatimi.

Babur ɗin kuwa, kai! Ko ledar kujera ba a yage ba. Dillali ya ƙara da cewa yana da garanti: kamfani ya ba da na shekara ɗaya, Baba ya sayi ƙarin shekara biyu, kuma har yanzu da saura mai yawa. Inji ya lalace, kamfani zai gyara kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, cikin mako biyu mai sayarwa da mai saye su je ofishin kamfanin tare, da babur da takarda, a sauya suna. In mako biyu ya wuce, garanti ya mutu. Haladu ya ce ya ji, amma wallahi da kunne ɗaya ya ji, idonsa yana kan madubi yana duba yadda hularsa ta zauna.

Baba Barau ya ce ya dawo bayan la'asar ya ɗauka, akwai ɗan shirin da zai yi wa babur ɗin. Haladu ya dawo ya tarar an wanke shi fes, an cika masa tanki. Har ƙwalla ya yi. Ya ce irin waɗannan dattawa sun ƙare a ƙasar nan.

Kwana goma Haladu yana cin duniyarsa. Masu shayi suna kunna wuta yana yin hon. Wanda bai gaishe shi ba ma sai ya tsaya ya amsa. Maganar ofis kuwa ko a mafarki ba ta zo masa ba.

Ranar Talata, a tsakiyar hanya, man ya yi ƙasa, ya murɗa rizab don ya sha ragowar man gindin tanki. Babur ya yi tari sau biyu, ya yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, ya mutu murus. Haladu ya taka kik har takalminsa ya tsinke. Haka ya turo shi gari, da akwatin burodi a baya, burodin ya sha rana ya yi gumi a leda.

Laraba da Alhamis ya yi su yana yawon garejin kanikawa. Wannan ya canja filogi, wancan ya hura wani bututu da baki ya tofar. Na ƙarshe, wani mai tsoron Allah a bakin tasha, ya kasa kunne ya ce ciwon yana can cikin inji, sai an farke. Har ya ɗauko sifana, sai ya ga jan fentin kamfani a kan notuna, ya ajiye.

“Wannan yana da garanti ko?”

“Yana da shi.”

“To ni ba zan taɓa ba. Ina kwance noti ɗaya, kamfani ya zare hannunsa. Ka kai musu su yi maka kyauta. Da sunanka dai ko?”

Nan Haladu ya tuna da sharaɗin mako biyun nan. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya ga gobe Juma'a ce ranar ƙarshe, kuma ranar Juma'a sha biyu da rabi ake rufe ofis. Ga mai gidan burodi ya aiko masa cewa in Litinin ta yi babu babur, layi ya zama na wani. Babu keke, babu maraƙi, babu abin gyaran inji. Tsoro ya kama shi sosai.

Da sassafe ya tura babur ɗin har ƙofar gidan Baba Barau. Ya tarar da dattijon a kan tabarma yana shan koko, a cikin zaure kuma injin markaɗen matarsa, Inna Tabawa, yana ta ruri, mata sun yi layi da robobin wake da tattasai.

Bayan gaisuwa Haladu ya ce, “Baba, takardar garantin nan na zo mu kai ofis. Yau ce ranar ƙarshe.”

“Takarda? Ai tana aiki.”

“Tana aiki kamar yaya, Baba?”

Baba Barau ya nuna zaure da ludayi. Haladu ya leƙa. A wuyan injin markaɗen, inda ake zuba wake, ga wata laya nan ta jar fata, ƙatuwa kamar tafin hannu, an yi mata ɗinki mai kyau har da tuntu, tana ta rawa saboda girgizar inji.

“Tun ranar da aka ba ni ita na kai wa baduku,” in ji Baba Barau. “Takarda mai hatimi biyu a bar ta tsirara? A ƙarƙashin kujerar babur ɗin ta zauna shekara ɗaya da rabi, ko faci ban taɓa yi ba. Da ya bar gidan na ga bai kamata ta zauna haka kawai ba.”

Haladu ya shiga zaure, ya durƙusa ya gaida Inna Tabawa da ihu saboda ƙarar inji, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce sam. Ta ce da can injin nan kullum sai ya yi mata tsiya, yau bel ya tsinke, gobe dutse ya dakushe, amma tun da Malam ya rataya abin nan ko atishawa bai yi ba.

“Inna, garantin babur ne fa. Ba na injin markaɗe ba ne.”

“Shi injin karatu ya iya da zai gane ba nasa ba ne?”

Haladu ya koma lallashi. Ya yi roƙo, ya yi magiya, ya haɗa ta da darajar jikokinta. Daga ƙarshe ta ce to, amma sai layin nan ya ƙare, ba za ta cire wa inji kariya da waken mutane a cikinsa ba. Kun san me ya faru? Haladu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya naɗe hannun riga ya kama zuba ruwa da tura wake da muciya, mata suna ta yi masa tsiya wai ƙullinsa ya yi ruwa. Sai wajen goma da rabi aka sallami ta ƙarshe. Ko a nan ma Inna ba ta yarda an bar injin haka ba, sai da Baba Barau ya ciro katinsa na fansho, shi ma mai hatimi, aka ɗaure a wurin kafin su dawo.

Suka kama hanya. Haladu yana turi, gumi yana bin sa har cikin kunne, Baba Barau yana gefe da lema yana tsayawa gaisawa da duk wanda ya sani. Kuma tsohon masinja, wa bai sani ba?

Sha biyu saura kwata suka shiga ofishin. A bayan kanta ga wata mata da tabarau a kan karan hanci, Malama Ladidi, irin ma'aikatan nan da ba sa ɗaga kai sai sun gama layin da suke rubutawa. Ta tura injiniyan kamfani waje ya duba babur, ta miƙo hannu ba tare da ta kalle su ba.

“Takardar garanti.”

Baba Barau ya yi bismilla, ya ɗora mata layar a tafin hannu.

Matar nan ta yi tsalle har kujera ta kife. “A'uzu billahi! Baba, me na yi maka? Yau na fara ganinka!”

Da ƙyar Haladu ya fahimtar da ita cewa ba asiri ba ne, takardarsu ce a ciki. Ta gyara tabarau, ta tura layar da bakin biro, ta ce a farke.

“A farke?” in ji Baba Barau. “'Yar nan, ba a farke irin wannan a gaban jama'a. Iska tana shiga.”

“To ni ta yaya zan karanta?”

“Ai ku kuka rubuta. Kin manta abin da kuka rubuta ne?”

Haladu ya dubi agogon bango, ya ga sha biyu ta gota. Ya ce, “Baba, don girman Allah.” Ya ari reza wajen mai gadi, ya shiga yanka. Fata, sai leda, sai wata fatar, sai zare da aka naɗa kamar ba za a ƙara buɗewa ba har abada. Baba Barau ya juya baya, ya ce shi ba zai iya kallo ba.

Takarda ta fito. Malama Ladidi ta warware ta a kan kanta, ta danne da hannu. Rubutun inji yana nan daram. Amma duk inda aka cike da biro, suna da kwanan wata da lambar inji, babu komai sai wani shuɗi-shuɗi da ya bazu. Inda hatimi biyu suke kuwa, sai tabo biyu kamar an ɗora kofin shayi an ɗauke.

Haladu ya zuba wa takardar ido. Ya riƙe kanta da hannu biyu.

To ashe matar tana da kirki, fuskar ce kawai. Ta ce, “Malam, kwantar da hankalinka, muna ajiye kwafi.” Ta jawo wani ƙaton fayil, ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa har ta kai kan Barau. Lambar inji ta yi daidai. Ta ciro fom ta cike, Baba Barau ya dangwala yatsa, Haladu ya sa hannu. A ransa har ya fara jin ƙamshin burodin Litinin.

Sai ga injiniya ya shigo, riƙe da ɗan ƙarfen da ake auna baƙin mai. Abin da yake ɗiga daga jikinsa ba baƙi ba ne, fari-fari ne kamar kunun gyaɗa.

“Babur ɗin nan ya faɗa kogi ne?”

Haladu ya rantse ko kududdufi bai taɓa shiga da shi ba.

Injiniya ya sosa ƙeya ya ce to ruwa dai ya shiga inji, ya cinye shi. Wataƙila wata roba ce ta zo da matsala tun daga kamfani, ruwan wanki yake bi ta nan. In haka ne laifinsu ne, sabon inji za a sa. Malama Ladidi ta ce madalla, ta buɗe tawada, ta dangwala hatimi, ta ɗaga shi sama. Saura ta sauke hannu kawai, jama'a. Sai idonta ya koma kan waccan takardar, ta ce, don dai hira:

“Ni kuwa Baba, duk wannan fata da leda, ta ina ruwa ya samu takardar nan?”

Baba Barau ya gyara tsayuwa, ya yi murmushin wanda aka daɗe ba a tambaye shi gwanintarsa ba.

“Ba samunta ya yi ba, 'yar nan. Ni na wanke ta.”

Haladu ya waigo da sauri. Bai san me zai fito daga bakin tsohon nan ba, amma ya san ba alheri ba ne. Ya sa ƙafa a hankali ya taka ta Baba Barau.

“Kai ɗan nan, ƙafata kake takawa,” in ji Baba Barau, ya janye, ya ci gaba. “Ranar da babur zai bar gidana na zauna na yi tunani. In na ba yaron nan takardar, na cuci iyalina. In na riƙe, na cuci yaron mutane, ya tafi da babur tsirara. Sai Allah ya ba ni dabara. Na sa baduku ya farke, na samo kwanon sha, na wanke rubutun da hatiman nan biyu tas da ruwan ɗumi. Sau uku ina sake ruwa, don kada a bar komai. Rabi na zuba a tanki, rabi a inda ake zuba baƙin mai, don ya ratsa ko'ina. Shi ya tafi da ƙarfin, mu muka riƙe gangar jikin. Kowa ya samu.”

Injiniya ya dubi ƙarfen hannunsa, ya dubi Baba Barau, ya fita waje da sauri, ana jiyo shi yana dariya har da buga bango.

Malama Ladidi ta sauke hatimin a hankali, ba a kan fom ba, a kan tebur. Ta rufe tawada.

“Baba, kwano nawa?”

“Ɗaya da rabi. Ban yi rowa ba.”

Ta juya bayan fom ɗin, ta sa yatsa a wani layi, ta karanta musu: duk wanda ya zuba wa babur wani abu da ba na kamfani ba, ko wanda kamfani bai amince da shi ba, garanti ya tashi.

Haladu ya yi wuf ya kama wannan. Mutum in ya ga zai nutse, ba ya rasa magana. “Malama, tsaya! Kin ce abin da ba na kamfani ba. Biron nan na wa? Naku. Hatimin nan na wa? Naku. Sa hannun manajanku ne fa a cikin injin nan. Ai babu babur ɗin da ya kai wannan zama na kamfani a duk faɗin jihar nan!”

“Gaskiyarsa,” in ji Baba Barau.

“Baba, don Allah ka daina taimakona.”

Malama Ladidi ta cire tabarau ta goge ido, don ita ma dariyar ta ci ƙarfinta. Ta ce, “Malam, wallahi na tausaya maka. Amma mu a takarda muke ba da garanti, ba a kwano ba. Da bai faɗa ba, da ban ji ba. Yanzu kuwa na ji, injiniya ya ji, har mai gadi ya ji.”

“Ni ban ji ba,” in ji mai gadi daga bakin ƙofa.

“Ka ji mana, ga ka nan kana dariya.”

Ta tattara fatar da zaren da takardar ta tura wa Baba Barau. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya sa a aljihun gaba, yana cewa bari ya biya wajen baduku kafin Inna ta ga an daɗe. Aka ja taga aka rufe, kowa ya kama shirin masallaci.

A waje rana ta take. Haladu ya tsaya gaban babur ɗinsa, baƙin ciki ya cika shi. Keke ya tafi, maraƙi ya tafi, Litinin kuma tana tafe. Da wani ne ya yi masa haka, da yau an kwana a caji ofis. Amma me za ka yi wa tsoho mai furfura wanda yake kallonka da fuskar jiran godiya?

Baba Barau ya naɗe lema ya ce tsayuwar nan ta gajiyar da shi. “Bari in hau in riƙe maka kan, kai ka tura ta baya. Ya fi sauri.” Kafin Haladu ya buɗe baki, dattijo ya tattare babbar riga ya ɗare kujera, ya kama kan babur, har da gyara madubi.

Haka suka hau titi. Baba Barau a sama yana ɗaga wa mutane hannu, Haladu a baya ya duƙa, hannu biyu a kan ƙarfen ɗaura kaya, hula ta karkace, ga hanyar hawa ce. 'Yan acaɓa suna wucewa suna yi musu hon, wani ya ce a sayar masa da injin bayan, ya ga ba ya shan mai.

Sun kai rabin hawan, Baba Barau ya ji shirun ya yi yawa. Ya waiwayo.

“Ni fa, ɗan nan, tsakani da Allah na yi. So nake garantin nan ya riƙa bin ka duk inda ka sa ƙafa.”

Haladu ya share gumi da kafaɗa, bai ko ɗago ba.

“Saura kaɗan ka dace, Baba. Ga shi nan a gaba, ni nake bin sa.”